Ɗakin nunin zanena a Second Life yana cin haya ba ciniki: in rufe ko in daure?

Wata 'yar'uwa mai zane da fenti ta rubuto mana, ga taƙaitaccen bayaninta. Wata huɗu ke nan da ta kama hayar fili a Second Life, wata duniyar cikin kwamfuta ta kamfanin Linden Lab da mutane ke shiga ta intanet, ta gina ɗakin nuni, ta rataye zanenta guda 40. Hayar L$1,200 ce duk mako (L$ shi ne kuɗin da ake ciniki da shi a ciki). Ta sa wa kowane zane L$1,500, kuma uku kacal suka fita. Masu shigowa suna ƙorafin hotunan ba sa fitowa da wuri, wasu sun miƙe kamar an ja su, da dare kuwa ba a ganinsu. Kwanan nan ta ci karo da ɗaya daga cikin zanenta a shagon wani yana sayar da shi L$50. Sai kuma ga saƙo daga wani mutum da ya ce zai sayi zane uku a matsayin NFT, wato shaidar mallakar hoto da ake cinikinta da kuɗin intanet, dala 2,000 kowanne, muddin ta yi rajista a wani shafi da ya turo mata ta biya kuɗin buɗe asusu. Maigidanta ya ce wannan wasa ne mai cin dare da kuɗi. Tana tambaya: ta rufe, ko ta daure?

Malama, sannu da ƙoƙari. Za mu fara da abin da ba ya jira. Kada ki biya mutumin nan ko sisi, kada ki haɗa asusunki na kuɗin intanet da shafinsa, kuma kada ki tura masa hoton katin shaidarki. Wannan damfara ce da ta daɗe tana bin masu zane tun bayan hayaniyar NFT ta 2021, shekarar da aka sayar da aikin wani mai zanen kwamfuta, Beeple, a gidan gwanjo na Christie's kan dala miliyan 69 kowa ya ɗauka arziki ya sauko. Tsarinta ba ya sauyawa: farashi mai tsoka daga wanda bai taɓa tambayar girman zanen ba, shafin da shi ne ya zaɓa, da kuɗin da ke za ki fara biya. In kin biya, shafin zai nuna miki lambobi kamar kuɗi sun shigo, sannan a ce sai kin ƙara wani abu kafin ki cire su. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ki toshe shi, shi ke nan.

To, lissafi. Ana canjin kuɗin Second Life kusan L$250 kan dala ɗaya. Mako 17 na haya sun kama L$20,400, wato dala 80 da 'yan kai. Cinikinki L$4,500 ne, dala 18. Asarar ba ta kai ta tayar da hankali ba, amma tana nuna cewa an gina shago kafin a san abin da masu saye ke nema. Nan ne tushen matsalar, sauran duk reshe ne.

A zahiri, mai sayen zane yana biyan kuɗin abu guda ɗaya tilo da hannunki ya taɓa: kyallen, kaurin fentin, sa hannun. A duniyar cikin kwamfuta babu wannan. Abin da kike sayarwa hoto ne da aka shimfiɗa a kan allo, kuma kwafi na dubu ba shi da bambanci da na farko. Waɗanda ke kashe kuɗi a can mutane ne masu gidaje da suke ƙawatawa, da masu gidajen rawa da wuraren shaƙatawa, da masu ɗaukar hoto da ke shirya fage. Kayan ado na bango suke nema, wanda zai dace da kujera da labule, ba zai ci musu nauyin fili ba, kuma za su iya ƙara masa girma. Irin wannan kaya galibi tsakanin L$100 da L$400 ake sayar da shi. Mai L$1,500 a aljihu zai iya sayen kayan falo gaba ɗaya, don haka sai ya yaba zanenki ya wuce. Ba raina aikinki ya yi ba. Farashin wata kasuwa kika kawo wata.

Gyaran hotunan kuwa aikin kwana biyu ne, kuma kowane ƙorafi da kika lissafa yana da sanadinsa.

Daga ɗaukar hoton ake farawa. Ki jingine zanen a tsaye, fitila ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, kowace tana haska shi a karkace kusan digiri 45, don kada fentin ya yi ƙyalli. Kyamara ta fuskanci tsakiyar zanen daidai, ba daga sama ko gefe ba, kuma ban da filasha. Ki gyara launi a tsarin sRGB, ki adana a PNG. Second Life yana sake matse duk hoton da aka ɗora zuwa JPEG2000, saboda haka in kin ba shi JPEG an matse shi sau biyu ke nan, kuma a wurare masu duhu da inda launi ke narkewa cikin launi ake fara ganin dabbare-dabbare.

Miƙewar da ake gani daga ma'auni take. Tsarin ba ya ajiye hoto sai a kan lambobi irin 256, 512, 1024 da 2048 a kowane gefe. In kin ɗora hoto mai fiksel 1500 da 1000, shi zai matse shi yadda ya ga dama, ke kuma ki shimfiɗa shi a kan allo mai kusurwa huɗu daidai, sai fuska ta zama doguwa. Ki matse shi da kanki zuwa 1024 da 1024 a GIMP ko Krita ko Photoshop, zai yi muni a idonki, kada ki damu. A ciki sai ki ba allon ma'aunin zanen na asali: in uku bisa biyu ne, mita 1.5 faɗi da mita 1 tsayi. Hoton zai koma daidai.

Jinkirin fitowa kuma nauyi ne. Hoto mai 512 da 512 yana cin kusan megabait 1 a ƙwaƙwalwar katin hoto, mai 1024 yana cin 4, mai 2048 yana cin 16. Zane 40 a ɗaki ɗaya da mafi girman ma'auni ya haura megabait 600, ban da bango da tufafin baƙi. Mai ƙaramar kwamfuta zai tsaya yana kallon allunan toka-toka na minti guda, ya gaji ya tafi. Ki tsaya a 1024 ga babban zane, 512 ga ƙanana, kuma firam ɗin duka su yi tarayya a hoto ɗaya. Akwai wata riba a nan: fiksel 1024 in aka buga shi a takarda da inganci na ɗab'i bai kai santimita 9 ba, don haka ɓarawo ba zai samu abin bugawa ya sayar a zahiri ba. Sannan ki rage yawan abin da ke rataye. Zane 12 zuwa 15 da ake sauyawa duk wata sun fi 40 da ba sa motsi, domin sauyin ne dalilin da zai dawo da mutum.

Duhun dare yana da akwati a wurin gyaran hoto mai suna Full Bright. In kin kunna shi, zanen ba ya bin hasken wurin, ana ganinsa dare da rana. Aibinsa shi ne a ɗaki mai duhu yana haske kamar talabijin, masu ɗaukar hoto kuma ba sa son haka. A ɗakin nuninki ki kunna, ko ki saita hasken filin ya tsaya a rana. A kwafin da kike sayarwa ki bar wa mai saye ikon kunnawa da kashewa. Wata matsala da ba ki ambata ba amma za ki haɗu da ita: in PNG ɗinki yana ɗauke da sashen da ake gani ta cikinsa, ko da babu komai a ciki, zanen zai riƙa ɓacewa a bayan tagogi da gashin mutane. A wurin Alpha mode ki zaɓi None.

Girma ma abin lura ne. Abata, wato siffar da mutum ke yawo da ita a ciki, sau da yawa tana kai mita biyu ko fiye, kyamara kuma tana bayanta daga sama, shi ya sa ake gina ɗakuna da faɗi da tsawo fiye da na zahiri. Zane mai santimita 60 da 40 a irin wannan bango ɓacewa yake yi. Ki fara daga mita 1.5.

Sai nauyin fili, abin da suke taƙaitawa da LI. Kowane fili yana da iyakar kayan da zai ɗauka, misali murabba'in mita 512 a babban yankin kamfanin yana ɗaukar 175. Mai gida yana ƙirga wannan kamar kuɗi, don haka zane da firam ɗinsa su tsaya a 1, in ya yi yawa 2. Tubali biyu na gini da aka haɗa aka mayar da nau'in jikinsu Convex Hull suna komawa 1. In kuma a manhajar Blender kika ƙera firam ɗin, ki sani ana ɗora shi da matakai huɗu na dalla-dalla, daga na kusa zuwa na nesa. Masu son rage nauyi sukan bar matakin ƙarshe da alwatika biyu ko uku, wato ƙananan sassan da ake haɗa siffar da su, sai firam ya ruguje da zarar mutum ya ja baya 'yan mitoci. Ki ƙera matakan nesa da hannu, ko da akwati ne mai sauƙi. Kuma ki gwada da saitin dalla-dalla na 1.125 da manhajar kamfanin ke zuwa da shi, kada ki dogara da na Firestorm, wata manhajar shiga Second Life da saitinta ya fi wannan yawa, domin abin da ya yi kyau a allonki yana iya rushewa a na mai saye. Duk wannan gwaji kyauta ne: akwai zaɓin Local da ke nuna hoto daga kwamfutarki ba tare da kin biya L$10 na ɗorawa ba, akwai kuma filin gwaji mai suna Aditi inda ake ɗora abin da aka ƙera ba da kuɗin gaske ba.

Yanzu batun sata, wanda mun san shi ya fi ƙona miki rai. Kowane kaya yana da izini uku ga wanda zai mallake shi bayanki: kwafa, gyarawa, da miƙa wa wani. Tsarin ba ya barin a hana kwafa da miƙawa a lokaci guda, dole a bar ɗaya. Kayan ado ana sayar da su da izinin kwafa da gyarawa, ban da miƙawa. Ki buɗe zanen da aka sace ki duba yadda kika saita shi. In ukun duka a buɗe suke, ko kin saka ainihin hoton a cikin kayan da cikakken izini, to ba fasa ƙofa aka yi ba, a buɗe aka same ta, kuma mai saye na iya ciro lambar hoton ya shimfiɗa a duk inda ya so. Ki gyara sauran yau. Ki kuma duba ta hanyar ba wa wani asusu kwafi, domin izinin da aka sauya a cikin jakar ajiyar kayanki ba ya tabbata sai an fito da kayan fili.

Ko da kin rufe komai, ba a hana sata ɗari bisa ɗari. Tun 2006 da manhajar CopyBot ta bayyana ake fama da masu kwafar kaya, kuma duk abin da allo ya nuna ana iya ɗaukar hotonsa. Abin da kike da shi shi ne doka. Tun 2003 Linden Lab ya amince cewa haƙƙin mallakar abin da mutum ya ƙirƙira nasa ne, kuma da yake kamfanin Amurka ne, yana aiki da DMCA, dokar haƙƙin mallaka ta 1998. Rahoton cin zarafi na cikin manhaja ba ya sauke kayan sata, sai takardar DMCA. A cikinta za ki bayyana aikinki, ki nuna inda kwafin yake da sunan yanki da lambobin wurin ko adireshin tallar, ki ba da sunanki na gaskiya da hanyar samunki, ki tabbatar da cewa ke ce mai haƙƙi, ki sa hannu. Ki sani bayananki na iya isa ga wanda kike ƙara, kuma yana da damar musantawa, in ya yi haka ana iya mayar da kayan bayan kwanakin aiki 10 zuwa 14 sai dai in an je kotu. Galibin masu irin wannan shago ba sa musantawa. Ki ajiye hotunan aikin tun yana zayyana da manyan fayilolin asali, su ne hujjarki. Ki aika takardar sau ɗaya, kada ki tsaya cacar baki da shi, kuma kada farautar ɓarayi ta zama aikinki na kullum. Ke ma ki kiyaye ta naki ɓangaren: firam ko rubutun da kika saya daga wani yana da sharuɗɗan amfani, zanen taurarin fim da tambarin kamfanoni kuwa ba naki ba ne da za ki sayar.

Game da haya, shawararmu ki saki filin nan idan makon da kika biya ya ƙare. A farashin L$250 sai kin sayar da zane biyar duk mako kafin ki biya haya kawai. Marketplace, kasuwar Second Life ta intanet, ba ta karɓar kuɗin ajiye kaya, kashi 10 cikin 100 take cira in an saya, kuma nan ne mai neman abin rataya a bango yake fara dubawa. Hoton talla ya nuna zanen a cikin ɗaki da abata a gefe don a ga girmansa. Ki rubuta nauyin fili, izini da ma'auni a sarari. Kalmomin bincike su zama na abin da mutum zai rubuta da Turanci, launi da salo da irin ɗakin, ban da cusa kalmomin da ba su shafi kayan ba, domin ana sauke talla saboda haka. Ki haɗa zane uku masu launi ɗaya: ɗaya L$200, ukun L$450. Masu ƙawata gida bango suke cikewa, saiti ya fi tafiya.

Nuni kuwa ba sai da filinki ba. Akwai gidajen nuni na haɗaka da ke ba masu zane bango kyauta ko da ɗan kuɗi kaɗan, kuma suna da jama'arsu da ke zuwa bikin buɗewa, inda ake kawo mai kiɗa a tara mutane awa ɗaya ko biyu. Yawancin cinikin nuni a wannan daren ake yinsa, saboda haka ki kasance a wurin, ki yi magana da mutane. Agogon Second Life na gaɓar yammacin Amurka ne, ki lissafa lokacin da zai haɗa miki Turai da Amurka. Ki buɗe ƙungiya, L$100 ne, ki ajiye ƙaramin zane kyauta ga duk wanda ya shiga, don ki samu waɗanda za ki sanar in sabon aiki ya fito. Ki ba masu ɗaukar hoton ƙawar gida da ke sakawa a Flickr kwafi kyauta, su ne tallar da ta fi aiki a wannan fanni. Kasuwannin rangwame na mako irin Fifty Linden Fridays suna kawo jama'a da yawa, amma sai shago ya ɗan kafu ake samun shiga.

Ga gaskiyar abin da zai shigo hannu. Zanen L$250 a Marketplace ya koma L$225. Wajen canza shi zuwa dala akwai kaso, wajen fitar da dalar akwai wani, su biyun suna kaiwa kusan kashi 10. Abin da ya rage kusan santi 80 ne. Dala 100 a wata na nufin ciniki sama da 120. Ana kaiwa, amma da kaya masu yawa da shekara ɗaya ko biyu na sakin sabon abu a kai a kai. Kafin ki ƙara ko awa ɗaya a wannan aiki, ki tabbatar kina da hanyar karɓar kuɗin: ana neman shaidar ko ke wace ce, ana biya ta hanyoyi irin PayPal, kuma ba kowane asusu ke karɓar kuɗi a kowace ƙasa ba. Ki tara kafin ki fitar, don akwai mafi ƙarancin caji da ke cinye ƙaramin kuɗi.

Inda hannunki zai fi daraja shi ne aikin oda. Mutane suna kashe kuɗi da shekaru a kan abatarsu, suna aure da bukukuwa a ciki, kuma suna son a zana su da hannu. Wannan ba ya satuwa, domin hoton wani ba shi da amfani ga ɓarawo. Ki karɓi rabin kuɗi kafin ki fara, ki faɗi sau nawa za a yi gyara, biyu ya isa, ki nuna samfuri mai tambari a kai, ki miƙa cikakke bayan an cika kuɗi. Farashin ki ɗaure shi da awa: L$5,000 kusan dala 18 ne bayan caji, in ya ci awa shida kin yi aiki a dala 3 duk awa, ke za ki ce ko ya yi miki. Masu tara zane na gaske ma akwai su, 'yan kaɗan. Su ake yi wa kwafi ƙidayayye, misali 10, da izinin miƙawa ban da kwafa, kowanne da lambarsa. Alkawarinki ne kaɗai ke riƙe da darajarsa, don haka wanda kika ce goma ne kada ya sake fitowa a rangwame.

Kada ki yi saurin ƙaura zuwa wata duniyar da tunanin can ya fi. A VRChat kasuwar tufafin abata da kayan gina wurare ce, ana shirya su a Unity a sayar a Booth ko Gumroad, kuma sai kin iya ƙera abu mara nauyi, don a na'urar Quest da ake sawa a kai, abatar da ta haura alwatika 20,000 ana ɓoye ta. A Roblox yara da matasa ne suka fi yawa, riga da hula suke saye, kason mai ƙera kayan abata a kasuwarsu daga kashi 30 yake farawa, kuma sai an tara Robux 30,000, wato kuɗin Roblox, ake canzawa. Duk inda kika je, manyan fayilolinki su zauna a wurinki a wuri biyu. Microsoft ya rufe AltspaceVR a Maris 2023, Mozilla ya rufe Hubs a Mayu 2024, kuma abin da mutum bai ajiye a waje ba ya tafi da su.

Maigidanki kuma, a kan lissafin wata huɗun nan yana da gaskiya, kuma zai fi sauƙi ki faɗa masa haka da bakinki kafin ki kawo sabon tsari. Ki nuna masa lambobin a takarda. Ku yi yarjejeniya ta wata uku: babu haya, kuɗin ɗora hotuna kada ya wuce L$500 a wata, dare biyu a mako da lokacin tashi sananne, sai daren buɗe nuni in ya kama. A cikin wata ukun ki gyara zane 15, ki saka su a Marketplace ɗaiɗai da saiti-saiti, ki nemi bango a gidan nuni na haɗaka guda ɗaya, ki buɗe karɓar oda da samfuri uku. Ki rubuta ranar kowane ciniki da abin da aka saya. In wata na uku ya kawo ciniki 20 ko oda biyu, ki ci gaba, ki ƙara irin abin da ya fi fita. In bai kawo ba, ki bar kayan a Marketplace tunda zamansu ba ya cin kuɗi, ki mayar da dararen kan fenti da kyalle.